Bashcarshiya, tsohuwar kasuwar Sarayebo: ta asali ce ko an sake ginawa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne daga Kano, ina karatu a Istanbul. Abokaina 'yan Bosniya sun matsa mini in bi su gida hutu, wai akwai wata tsohuwar unguwa a Sarayebo da ake kira Bashcarshiya, in na shiga sai in ɗauka ban bar Turkiyya ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ta yaya aka yi garin Musulmi irin wannan ya samu a cikin Turai? Sannan na ji an yi yaƙi an ragargaza garin. To abin da ake gani yanzu na asali ne, ko sabo ne aka gina don baƙi? Kwana biyu kacal zan samu, me ya kamata in gani?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka ta kasu uku: yadda Musulunci ya kafu a wurin, ko gine-ginen na da ne ko na yanzu, da kuma yadda za ka ci moriyar kwana biyunka. Ni fannina tarihin biranen Daular Usmaniyya ta Turkiyya ne (ba tamu ta Sakkwato ba), kuma takardun waƙafi na biranen yankin Balkan su ne abin da na fi daɗewa ina karantawa. Ta wannan ƙofa zan shigo maka, domin a ganina duk wanda bai san waƙafin da ya kafa Bashcarshiya ba, zai zagaya ta ya sha gahawa ya ɗauki hoto, ya dawo bai ga unguwar ba. A allunan titi za ka ga an rubuta sunan Baščaršija.

Yadda garin ya samu

Kafin zuwan Turkawa, kwarin kogin Miljacka ƙauyuka ne da 'yar kasuwa, duwatsu sun kewaye su ta ko'ina. Wanda ya mai da wurin birni shi ne Isa-beg Ishaković, hakimin iyaka na Usmaniyya. Takardar waƙafinsa ta 1462 ita ake ɗauka a matsayin takardar haihuwar Sarayebo. A ciki ya lissafa abin da ya gina ya bayar saboda Allah: gada, gidan wanka, masaukin fatake, zawiyar sufaye, da shaguna da injinan niƙa na ruwa waɗanda kuɗinsu zai riƙa ɗaukar nauyin sauran. A 1463 Sarki Muhammad al-Fatih, wanda ya ci Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau, shekara goma kafin nan, ya kawo ƙarshen masarautar Bosniya.

Tunda kai Bakano ne, ga abin da zai taimaka maka ka riƙe lokacin: a 1463 ɗin nan ne Muhammadu Rumfa ya hau sarautar Kano, kuma a zamaninsa aka kafa Kasuwar Kurmi. Wato Kurmi da Bashcarshiya tsararraki ne. Tsarinsu ma ya yi kama, kowace sana'a da layinta, masallaci a kusa, masaukin baƙi a gefe, kuma sunan sana'a ya zama sunan wuri kamar yadda muke da Dukawa da Soron Ɗinki. A can za ka ga Kazandžiluk na maƙeran jan ƙarfe, Sarači na dukawa masu sirdi da linzami, Kujundžiluk na maƙeran zinariya da azurfa, Kovači na maƙeran baƙi, Mudželiti na masu ɗinke littattafai da yi musu bango.

Musulmin da za ka tarar ba jikokin Turkawa ba ne da suka yi ƙaura. 'Yan ƙasa ne, Boshniyak, harshensu ɗaya da na maƙwabtansu Sabiyawa da Kuroshiyawa in ban da 'yan bambance-bambance. Kakanninsu ne suka musulunta, kuma ba rana ɗaya ba. Littattafan haraji na Usmaniyya sun nuna cewa a ƙarshen shekarun 1460 Musulmi 'yan tsiraru ne, sai aka ɗauki kusan shekara ɗari da hamsin adadin yana hawa sannu a hankali kafin su zama mafi rinjaye. Wannan jinkirin shi ne hujjar da ta fi ƙarfi a kan masu cewa da takobi aka yi abin. Musuluntarwar dole ba ta ɗaukar zuriya biyar ko shida.

Dalilin musuluntar kuwa malaman tarihi ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Akwai tsohuwar fassara da za ka ji a bakin masu zagayawa da baƙi, cewa mabiya wata cocin Bosniya da Roma take ɗauka 'yan bidi'a ne suka shiga Musulunci gaba ɗayansu don an daɗe ana gallaza musu. Binciken baya-bayan nan ya raunana wannan, domin cocin ta riga ta yi laushi kafin Turkawa su iso, kuma waɗanda suka musulunta sun fito ne daga Katolika da Otodoks ma. Abin da na fi gamsuwa da shi shi ne haɗuwar abubuwa da yawa. Coci uku suna jayayya a ƙasa ɗaya, babu wadda take da isassun limamai a ƙauyuka. Musulmi yana da sauƙin haraji da damar shiga soja da aikin hukuma. Sannan ga sababbin birane irin Sarayebo, inda makaranta da ruwan sha da abincin sadaka da wurin sana'a duk suna hannun waƙafi. Ɗan ƙauyen da ya shigo koyon ƙira yana kwana yana tashi cikin wannan tsari, ɗansa kuma a cikinsa za a haife shi.

Gazi Husrev-beg

Idan Isa-beg ne ya kafa harsashi, wanda ya ɗaga garin shi ne Gazi Husrev-beg, jikan Sarki Bayazid na Biyu ta wajen uwa, wanda ya yi hakimcin Bosniya tun daga 1521 har rasuwarsa a 1541, da 'yan tsaiko a tsakani. Dukiyar da ya tara a yaƙe-yaƙen iyaka ya zuba ta a tsakiyar kasuwa. Masallacinsa, wanda mutanen gari ke kira Begova, an kammala shi a 1531. Ƙubbarsa ta kai kimanin mita 26 a tsayi. Ya gina makaranta a 1537 daura da masallacin, aka rufe ƙubbobinta da dalma, shi ya sa ake ce mata Kuršumlija. Ya ƙara da zawiya, gidan wanka, gidan ciyar da matalauta da matafiya, rufaffiyar kasuwar tufafi, da babban masaukin fatake na dutse. Ya jawo ruwa daga wani marmaro a bayan gari. Har bandakin jama'a ya gina kusa da masallacin, kuma yana aiki har gobe.

Abin da ya fi burge ni a takardun waƙafinsa shi ne yadda bai bar komai a duhu ba. Ya faɗi ma'aikatan da za a ɗauka da albashin kowa, ya faɗi irin malamin da ya cancanci koyarwa, ya ce kuɗin da ya rage bayan ginin makaranta a sayi littattafai masu amfani da shi. Daga wannan sharaɗi ɗakin karatun Gazi Husrev-beg ya samo asali. Ya kuma sharɗanta a riƙa sauke Alƙur'ani kullum a masallacin. In ka yi azahar a Begova kada ka yi saurin fita. Za ka ga an raba juzu'i talatin ga makaranta, kowa ya duƙufa a kan nasa, ba da jimawa ba an sauke, an yi addu'a ga mai waƙafin da ke kwance a ƙubbar da ke harabar. Mutumin ya rasu kusan shekara ɗari biyar ke nan, amma sharaɗinsa na nan ana cika shi, shagunan da ya bari suna biyan haya, makarantarsa tana yaye ɗalibai.

Na asali ne ko sabo?

Amsar ta danganta da abin da kake kallo, domin garin ya sha wuta ba sau ɗaya ba. A watan Oktoba na 1697, bayan ya karya rundunar Usmaniyya a yaƙin Zenta, Yarima Eugene na Savoy ya kutso da dakarun Ostiriya ya cinna wa Sarayebo wuta. Garin ya yi ƙurmus, har mazaunin gwamna ya koma garin Travnik, bai dawo ba sai a 1850. A 1878 Ostiriya da Hangare suka karɓe Bosniya, a shekara mai bi kuma, 1879, wata babbar gobara ta lashe sashe mai yawa na kasuwar. Masaukin dutsen nan na Husrev-beg, Tašlihan, bai sake tashi ba. Kufansa yana nan a gefen otal ɗin Europe. Bayan 1945 gwamnatin gurguzu ta Yugoslabiya ta fara rushe shagunan katako da sunan zamanantar da gari, daga baya aka dakata. Ta ƙwace dukiyar waƙafi mai yawa, ta rufe kotunan shari'a da zawiyoyi, makarantar Husrev-beg ce kaɗai aka bari a buɗe a duk Bosniya. Sai kuma ƙawanyar da sojojin Sabiyawan Bosniya suka yi wa birnin daga Afrilun 1992 zuwa Fabrairun 1996, suna ruwan wuta daga kan duwatsu.

Saboda haka ga yadda nake raba wa ɗalibaina abin. Gine-ginen dutse, wato Begova, Kuršumlija, gidan wanka, rufaffiyar kasuwar Husrev-beg, da Brusa Bezistan da babban waziri Rustem Pasha ya gina a 1551 don cinikin siliki daga Bursa, waɗannan jikinsu na ƙarni na 16 ne, ko da yake an sha yi musu gyara. Shagunan katako masu rufin tayil kuwa an sake gina su sau da yawa, amma a kan layukan da suke tun farko, da faɗi da tsayi irin na da. Katako yana ƙonewa, filin waƙafi ba ya ƙonewa, shi ya sa duk gobarar da aka yi sai a tashi a maida shago inda yake don haya ta ci gaba da shigowa. Kasuwar ta yau ta ragu ƙwarai a kan yadda take a lokacin da take ganiyarta, amma abin da ya rage ba a ƙirƙire shi don baƙi ba.

Akwai kashi na uku da yake ruɗar mutane, shi ne abin da ya yi kama da na Turkawa alhali Turawan Ostiriya ne suka gina. Mashayar katakon nan mai ƙubba da ke tsakiyar dandali, wadda tattabaru ke kewaye da ita, Sebilj, ita ce hoton da kowa ke ɗauka. Ta farko Mehmed Pasha Kukavica ya gina a 1753, ta ƙone. Wadda kake gani ta 1891 ce, zanen Alexander Wittek. Haka babban zauren gari mai ratsin ja da rawaya a bakin kogi, Vijećnica, wanda aka buɗe a 1896. Salonsa an aro shi ne daga Alƙahira da Andalus, ba daga Istanbul ba. Masu mulkin Ostiriya suna so su nuna wa Musulmin Bosniya girmamawa, amma ba sa so zukatansu su ci gaba da kallon Sarkin Istanbul, sai suka zaɓo musu ado na Musulunci daga wani gefen. Kai da ka saba da masallatan Istanbul, kallo ɗaya za ka gane bambancin.

Cikin Begova ma akwai magana. Harsasai sun same shi a yaƙi, kuma gyaran farko da aka yi da tallafin waje ya kankare adon bango ya bar shi fari fat, abin da ya jawo suka mai zafi daga masana. A farkon shekarun 2000 aka sake ƙawata shi da rubutu da zane na masu zane 'yan ƙasa. To ginin tsoho ne, adon ciki sabo.

Littattafan da suka ƙone da waɗanda suka tsira

Nan ne abin ya fi taɓa ni. Vijećnica ta zama babban ɗakin karatu na ƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A daren 25 ga Agustan 1992 aka harba mata bama-bamai masu tayar da gobara, ta kama da wuta, littattafai da mujallu da takardu kimanin miliyan biyu suka zama toka. Watanni uku kafin nan, a watan Mayu, an ƙone Cibiyar Nazarin Gabas da rubuce-rubucen hannu sama da 5,000 na Larabci da Farisanci da Turkanci, haɗe da tarin takardun kotu da na filaye na zamanin Usmaniyya. Wanda ya ƙone wa mutane takardun da ke nuna sun daɗe a wuri, ya san abin da yake yi. An gyara Vijećnica an sake buɗe ta a 2014, kuma gyaran ya yi kyau, sai dai yanzu ba ɗakin karatu ba ce.

Ɗakin karatun Gazi Husrev-beg shi ya tsira, domin ma'aikatansa sun riƙa kwashe littattafan a kwalaye suna sauya musu maɓoya a ƙarƙashin harbi. Yau yana da rubuce-rubucen hannu kimanin 10,000 a sabon gini kusa da makarantar, wanda Katar ta ɗauki nauyinsa aka buɗe a 2014. Mafi tsufa a ciki wani sashe ne na Ihya'u Ulumiddin na Imam Gazali da aka kwafa wajen 1105, marubucin yana raye. A nan na fara riƙe takardar da aka rubuta harshen Bosniya da haruffan Larabci, abin da suke kira arebica. Sun ƙara ɗigo a kan wasu haruffa don sautukan da babu a Larabci, daidai dabarar da malamanmu suka yi wa ajami. Waƙoƙin wa'azi ne da na koyar da farillai, irin abin da almajiri zai gane manufarsa ko bai ji kalma ɗaya ba. Akwai ɗan gidan tarihi a cikin ginin, kowa na iya shiga.

Kwana biyunka

Unguwar ƙarama ce, da ƙafa ake cinye ta. Ranar farko ka ba wa waƙafin Husrev-beg. Ka fara da sassafe kafin ayarin baƙi su cika layuka. A gefen masallacin akwai hasumiyar agogo, Sahat-kula. In ka duba za ka ɗauka agogon ya lalace, alhali lafiyarsa ƙalau. Yana bin tsohon lissafi ne da rana ke farawa da faɗuwar rana, don haka ƙarfe goma sha biyu yake bugawa daidai magariba, kuma akwai ma'aikacin waƙafi da ke hawa yana daidaita shi a kai a kai saboda magariba tana matsawa. A gindin hasumiyar akwai gidan burodin da ya gaji tsohon gidan ciyarwa. Ka shiga Morića Han ka ga yadda masaukin fatake yake, kaya da dabbobi a ƙasa, ɗakunan kwana a sama.

Mutanen Hanafawa ne kamar Turkawa, don haka ba abin da zai zame maka baƙo, sai dai ka lura da yadda ladani ke jan tasbihi bayan sallama ana miƙa wa juna carbi a sahu.

A Kazandžiluk tun daga bakin layi za ka ji ƙarar guduma. In za ka sayi tukunyar gahawa, džezva, ka juya ta ka dubi gindi ko akwai hatimin maƙerin, ka shafa jikinta ka ji sawun guduma da ba su daidaita ba, ka leƙa ciki ka tabbata an shafe da kuza, ka kuma ji nauyinta a hannu. Mai sheƙi da yawa marar nauyi, wadda zanenta ya yi daidai da na 'yar'uwarta tamkar an buga a inji, galibi shigo da ita aka yi. Ka sayi kayanka a shagon da ka ga mai shi zaune yana aiki. Maƙeran gaske sun ragu, kuma cinikin irinka ne ke riƙe su. Za ka ga kwanson harsashi da aka sassaƙa aka mai da shi biro ko mazubin fure. Ka kalla, amma ban ba ka shawarar sa shi a jakar jirgi ba.

Rana ta biyu ka faɗaɗa. Cikin tafiyar 'yan mintuna daga Begova akwai tsohuwar cocin Otodoks da ta kai ƙarni na 16, da tsohon wurin ibadar Yahudawa na 1581 wanda zuriyar waɗanda aka koro daga Sifen a 1492 suka yi ibada a cikinsa, yanzu gidan tarihi ne, da babbar cocin Katolika ta 1889. In ka miƙe kan titin Sarači zuwa Ferhadija, akwai inda daɓe da gine-gine ke sauyawa lokaci guda daga na Usmaniyya zuwa na Ostiriya, har an ja layi a ƙasa. Ka gangara bakin kogi zuwa Gadar Latin, inda a kusurwar titi Gavrilo Princip ya harbe yarima mai jiran gadon Ostiriya, Franz Ferdinand, da matarsa Sofiya ranar 28 ga Yunin 1914, abin da ya kunna Yaƙin Duniya na Ɗaya. Daga Vijećnica motarsu ta taso. Ka haye kogi ka ga Masallacin Sarki, Careva, a wurin da Isa-beg ya fara gina nasa. Ginin yanzu na shekarun 1560 ne.

Da la'asar ka hau ta Kovači. Za ka ratsa maƙabartar shahidan yaƙin 1992, fararen duwatsu jere, akasarinsu samari ne tsaranka in ka karanta shekarun. Kabarin shugaban ƙasa Alija Izetbegović, wanda ya rasu a 2003, yana tsakiyarsu. Sama kaɗan akwai ganuwar Žuta Tabija, inda ake buga igwar shan ruwa da azumi. Daga nan za ka ga kasuwar gaba ɗaya a ƙasa da duwatsun da aka kafa manyan bindigogi a kansu, ka gane da idonka dalilin da ya sa garin ya kasa kare kansa daga harbi. Abokanka da iyayensu na iya buɗe maka wannan babi ko su yi shiru. Ka bar su su zaɓa, domin da wuya ka sami gidan da bai yi rashi ba.

Abinci ba zai ba ka wahala ba. Ćevapi, wato ƙananan curin niƙaƙƙen nama gasasshe a cikin burodin somun da albasa, a tsohuwar kasuwa na shanu ne galibi, haka ma burek. Duk da haka tambaya ba laifi ba ce, musamman in ka fita daga unguwar. Kuɗinsu marka ne, euro ɗaya kusan marka biyu, kuma ƙananan shaguna sun fi son tsaba.

Batun biza ba fannina ba ne, kuma dokokinta suna sauyawa. Bosniya ba ta cikin Tarayyar Turai, takardar zamanka ta Turkiyya kuma ba ita ce izinin shiga ba, saboda haka ka tuntuɓi ofishin jakadancinsu da ke Istanbul tun kafin ka yanki tikiti, ka tambayi abokanka ko za su rubuto maka takardar gayyata. In hutun hunturu ne, ka tafi da takalmi mai kama ƙasa, domin daɓen dutsen kasuwar da hawan Kovači suna santsi in ƙanƙara ta sauka, kuma hazo kan kwanta a kwarin har ya hana jirgi sauka. Ka bar rarar kwana ɗaya tsakanin dawowarka da komawa aji.